Miliyan Biyu a Takardar Kawu: Karatun Gwajin Ciwon Hanta Nau'in C

Bayan la'asar Kawu ya aiko yaro a kira ni. Na same shi a zaure ya jingina da bango, tabarau a kan hanci, da wata takarda da ya ninke huɗu har ta fara yagewa. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya miƙo mini.

"Duba mini wannan, kai da ka yi boko. Yaron ɗakin gwajin ya ce miliyan biyu ne da dubu ɗari huɗu."

"Haka aka rubuta, Kawu."

"To mutum yana yawo da cuta miliyan biyu a cikinsa, me ya yi saura? Ni dai a kira mini liman in bar wasiyya."

Kawu ɗan kasuwa ne, ya fi shekara talatin yana sayar da hatsi, kuma a duniyarsa miliyan biyu ba abin wasa ba ce. Bashin miliyan biyu yana rufe shago. Na sha wahala kafin ya yarda cewa wannan adadi, duk da girmansa, ba ya cikin abubuwan da za su yanke masa hukunci. Tun daga ranar na lura da yadda takardar nan take rikita mutane: inda ya kamata hankali ya kwanta sai ya tashi, inda kuma ya kamata a dage sai a yi sakaci.

Gwaji biyu ne ake haɗawa a kira su da suna ɗaya. Na farko shi ne na gaggawa, wanda ake tsira yatsa a ɗiga jini a kan ɗan tsinke, a jira layi ya fito. Shi ake yi wajen ba da jini, da awon ciki, da gwajin aure. Wannan ba ya ganin ƙwayar cutar. Abin da yake gani shi ne makaman da garkuwar jiki ta ƙera lokacin da ta haɗu da ita, wato sawun kura ne a bakin gari. Sawu yana nuna kura ta zo, ba ya nuna tana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 30 cikin 100 na waɗanda suka kamu, jikinsu yana korar cutar da kansa cikin wata shida ba tare da magani ba, amma sawun yana nan. Shi ya sa layi biyu a kan tsinke bai isa a ce mutum ya fara shan magani ba.

Na biyu shi ne wanda ma'aikatan asibiti ke kira bairal lod, ko su ce PCR. Wannan yana neman kurar da kanta, ta hanyar gano sinadarin gadon ƙwayar cutar da ake kira RNA, ya kuma ƙirga yawansa. Yana iya ganinta mako ɗaya zuwa biyu bayan kamuwa, tun sawun bai fito ba, don shi sawun yakan ɗauki kamar wata biyu ko fiye. Irin wannan takarda ce a hannun Kawu.

A gaban adadin za ka ga IU/mL. Haruffan ƙarshe suna nufin mililita, wato kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramin cokalin shayi. Na farkon kuwa mudu ne na duniya. A da kowane kamfanin na'ura da nasa mudun, sakamakon wannan ɗakin gwaji ba ya haɗuwa da na wancan, kamar yadda tiyar wata kasuwa take fin ta wata cika. A 1997 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni guda don kowa ya daidaita nasa da shi. Duk da haka na'urori ba su zama tagwaye ba, don haka ya fi kyau mutum ya riƙa gwajinsa a wuri ɗaya idan yana son kwatanta na yau da na jiya.

Wasu takardun suna ƙara wani ƙaramin adadi a gefe, kamar 6.38, da kalmar log. Wasu kuma su rubuta 2.4E6. Duk abu ɗaya ne da miliyan biyu da dubu ɗari huɗun Kawu. Log ƙirga sifili ne kawai. Dubu ɗaya sifili uku ne, log 3. Dubu ɗari log 5. Miliyan log 6. Saukar log ɗaya na nufin an raba adadin gida goma an bar ɗaya, saukar log biyu kuwa kashi 99 cikin 100 ya tafi. Da na bayyana wa Kawu haka, nan da nan ya kama, domin ɗan kasuwa ya fi kowa sanin darajar sifili ɗaya. Likitoci suna tunani da log ne saboda adadin nan ba ya tsayawa wuri ɗaya. Mutumin da bai sha ko ƙwaya ɗaya ba yana iya samun 900,000 a wannan wata, ya sami 1,500,000 a wata mai zuwa, ya dawo 700,000 bayan haka. A ido wannan hawa ne da sauka mai tayar da hankali. A lissafin log kuwa ko rabi bai kai ba, kuma duk canjin da bai kai rabin log ba, wato ninki uku, ba a ɗaukarsa canji.

A nan ne masu maganin gargajiya da masu sayar da kwalaben ƙarin lafiya suke cin kasuwarsu, wasu da sani, wasu da zuciya ɗaya. Mutum ya sha jiƙo wata biyu, ya sake gwaji, ya ga miliyan ɗaya da rabi ta koma dubu ɗari takwas, sai ya ce magani ya karɓe shi. Da ya zauna bai sha komai ba, zai iya ganin hakan. Ga kuma haɗari a kai, domin hanta ita ke tace duk abin da aka haɗiya, kuma hantar da ke fama ba ta buƙatar ƙarin kaya.

Dalilin wannan kai-komo yana da ban sha'awa. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 1998 ya ƙiyasta cewa hantar mai ɗauke da cutar tana fitar da ƙwayoyi kusan tiriliyan ɗaya a kullum, jiki kuma yana share rabin waɗanda ke cikin jini a ƙasa da awa uku. Ke nan adadin da ke kan takarda kamar tsayin ruwa ne a kwalbati lokacin damina: wani yana shigowa, wani yana fita, abin da ka auna da safe ba shi za ka auna da yamma ba. Wannan ne kuma ya sa idan magani ya toshe mafarin, ruwan yake janyewa da sauri mai ban mamaki. Cikin 'yan kwanakin farko adadin yakan faɗo da log biyu, uku, ko fiye, daga nan ya ci gaba da sauka a hankali yayin da hanta take tsabtace ɗakunanta.

Tambayar da ta fi damun Kawu ita ce ko miliyan biyun na nufin hantarsa ta lalace. Amsar ita ce adadin ba ya faɗin komai a kan wannan. Akwai mai miliyan goma da hanta lafiya lau, akwai mai dubu hamsin da hantarsa ta riga ta ƙandare. Yawancin ɓarnar tana zuwa ne daga faɗan da garkuwar jiki take yi da cutar a cikin hanta shekara da shekaru. Kowane rauni ya warke ya bar tabo, tabo ya hau kan tabo, har naman hanta mai laushi ya zama kamar busasshiyar fata. Abin da ke hanzarta wannan shi ne daɗewa da cutar, yawan shekaru, giya, ƙiba da ciwon suga, da haɗuwarta da ƙanjamau ko ciwon hanta nau'in B. Tsakanin kashi 15 zuwa 30 cikin 100 na masu daɗaɗɗiyar cutar ne ke kaiwa ga ƙandarewar hanta cikin shekara ashirin. Don gane inda mutum yake, wasu gwaje-gwajen ake dubawa: sinadaran hanta ALT da AST, yawan ƙwayoyin da ke daskarar da jini, lissafin da ake haɗawa daga gare su mai suna APRI ko FIB-4, da na'urar FibroScan mai auna taurin hanta inda ake da ita. Abin dariya shi ne yawancin waɗannan sun fi arha, amma ba wanda ke ninke su huɗu ya kwana da su a aljihu, tunda babu miliyan a cikinsu.

To daga ina tsoron adadin ya samo asali? Yana da tarihi, kuma a zamaninsa tsoro ne mai dalili. An gano ƙwayar cutar a 1989. Kafin nan likitoci suna kiranta ciwon hantan da ba A ba ba B ba, kuma aikin gano ta ne ya sa aka ba Harvey Alter da Michael Houghton da Charles Rice kyautar Nobel a 2020. Maganin da aka dogara da shi fiye da shekara ashirin shi ne allurar intaferon, daga baya aka haɗa ta da ƙwayar ribabirin. Allura ce mai wahala: zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, ƙarancin jini, zubewar gashi, baƙin ciki, har tsawon mako 48 ga masu jinsin cutar na ɗaya, kuma duk da wannan azaba kusan rabi ne kawai ke warkewa. A irin wannan hali dole a riƙa leƙa tukunya. Wanda ya fara da fiye da 800,000 ana cewa nasa mai yawa ne, damarsa ta ragu. Ana gwaji a mako na huɗu, wanda nasa ya ɓace a ce ya yi sa'a. Ana sake yi a mako na 12, wanda nasa bai sauka da log biyu ba a dakatar da shi, domin ci gaba wahalar banza ce. Kowane adadi a lokacin yana iya canza rayuwar mutum. Waɗannan ƙa'idoji suna nan jibge a intanet har yau, kuma su ne matasanmu suke karantawa a waya su zo su firgita iyayensu.

A Disambar 2013 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ƙwayar sofosbuvir, aka shiga wani zamani. Sababbin magungunan suna kai hari ne kai tsaye kan kayan aikin da ƙwayar cutar take hayayyafa da su. Ana shan su mako 8 ko 12, wani lokaci 24 ga wanda hantarsa ta ƙandare, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 suna warkewa. A farko kuɗinsu ya fi ƙarfin kowa, dala 84,000 a Amurka, ƙwaya ɗaya dala dubu. Daga baya kamfanonin Indiya da Masar suka fara yin nasu, farashi ya faɗo ƙasa warwas. Masar ma ita ce babbar shaida. Allurar maganin tsargiya da aka riƙa yi wa jama'a da sirinjin da ba a dafa sosai ba, daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980, ta bar ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin goma ɗauke da cutar. A 2018 gwamnati ta ƙaddamar da gangamin da ya gwada mutum fiye da miliyan 50, kuma a Oktoban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta matsayin zinare a hanyar kawar da cutar, ƙasa ta farko da ta samu. Ba a yi wannan aiki da gwada kowa sau biyar ba.

Ga waɗannan magunguna, mai dubu ɗari da mai miliyan ashirin kusan damarsu ɗaya ce. Wurin da adadin farko ya ɗan ci gaba da aiki shi ne haɗin ledipasvir da sofosbuvir, inda ake iya rage wa mai jinsi na ɗaya zuwa mako 8 idan nasa bai kai miliyan 6 ba, bai taɓa shan magani ba, kuma hantarsa ba ta ƙandare ba. Haɗin da aka fi samu a wajenmu, sofosbuvir da daclatasvir, ko sofosbuvir da velpatasvir, ba ruwansa da wannan. (Idan likita ya ambaci jinotayif a nan, ba zancen AA da AS yake yi ba. Jinsin ƙwayar cutar yake nufi, mai lamba 1 zuwa 6 da 'yan ƙari. Na ga wata baiwar Allah da ta koma gida tana kuka wai an ce ita ma sikila ce.) Tun 2018 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ba duk baligin da aka ga ƙwayar a jininsa magani, ko nawa ne adadin, ko yaya hantar take.

Kawu ya fara shan ƙwayoyinsa, sau ɗaya a rana bayan sallar asuba. A mako na huɗu ya matsa sai an sake gwaji. Likita ya ce ba dole ba ne, shi kuwa ya ce ba zai zuba jari wata guda bai duba littafi ba. Sakamako ya fito da alamar ƙasa da, wato <15 IU/mL, sai kuma wata kalma a gefe mai nuna an gani. Ya sake aikowa a kira ni.

"Ɗana, wannan kuma fa? Akwai ko babu?"

Tambayar tana da kyau, domin hanya uku ake rubuta sakamako kuma biyu daga ciki suna kama da juna. Ta farko adadi ne sak, kamar 43 ko 2,400,000: an gani, an ƙirga. Ta biyu ita ce irin ta Kawu: na'ura ta ji motsin wani abu, amma ya yi ƙanƙantar da ba za ta iya ƙirga shi da gaskiya ba. Kowace na'ura tana da ƙasan da take tsayawa. Ta kamfanin Roche 15 ne, ta Abbott 12, ta GeneXpert, wadda da yawanmu muka sani wajen gwajin tarin fuka, 10 ne idan an ɗebi jini daga jijiya. Ta uku ita ce ba a ga komai ba, wadda sau da yawa ake taƙaitawa da haruffan TND. Akwai ɗakunan gwajin da suke rubuta <15 kawai ba ƙarin bayani, sai ka tambaya kafin ka san wacce suke nufi.

Ganin ɗan ɓurɓushi a mako na huɗu ba alamar faɗuwa ba ce. Mutane da dama suna nuna shi a wannan lokaci kuma su warke sarai. Har a ranar ƙarshe ta magani an ga waɗanda na'ura mai kaifi ta tsinci ɗan abu a jininsu, suka daina shan ƙwaya a kan lokaci, kuma cutar ba ta dawo ba. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne na'urar tana tsintar gutsuttsuran RNA ne ko ƙwayoyin da suka nakasa, waɗanda ba sa iya haihuwa, kuma ita ba ta bambanta gawa da mai rai. Don haka ba a ƙara wa mutum makonni saboda wannan, ba a kuma canza masa magani. Abin da ke tayar da hankalin likita shi ne adadi ya sauka sannan ya sake hawa, musamman da ninki goma, alhali ana kan shan magani. Wannan ba kasafai yake faruwa ba, kuma idan ya faru tambayoyin farko ba na na'ura ba ne: ana shan ƙwayar kullum? A ina aka saye ta? Me kuma ake sha tare da ita?

Ɗaya gefen ya fi haɗari, kuma shi na fi gani. Mutum ya yi gwaji a mako na huɗu, aka ce ba a ga komai ba, sai ya yi hamdala ya ajiye sauran kwalabe biyu, ko ya ƙi sayen na wata na uku tunda kuɗi ya yi wuya. Ka tuna jini kaɗan ne aka ɗiba. Babban mutum yana da jini kusan lita biyar, kuma gidan cutar ma ba jini ba ne, hanta ce. Ka ɗebi ludayi ɗaya daga tafki ba ka ga kifi ba, ba ka isa ka rantse tafkin ba kifi ba. Makonnin da suka rage su ne na share 'yan ɗakunan da suka saura a hanta, kuma ƙwaya kaɗan ta isa ta mayar da mutum miliyan cikin 'yan makonni, wataƙila ma da irin da ya koyi kauce wa maganin.

Gwajin da ke yanke hukunci guda ɗaya ne, kuma ba a yin sa sai an gama magani da mako 12. Likitoci suna kiransa SVR12. Ana fara ƙirga ne daga ranar da aka haɗiye ƙwayar ƙarshe, ba ta farko ba, kuma nan ne ake yawan kuskure. Wanda ya fara maganin mako 12 a farkon Janairu zai gama a ƙarshen Maris, gwajinsa kuwa sai tsakiyar Yuni ta gota. Hikimar jiran a fili take: ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Muddin magani yana cikin jini, ba ka san ko an kashe cutar ba ne ko danne ta aka yi. Idan an janye shi, duk abin da ya yi saura da rai zai tashi, galibi tun a watan farko. Wanda ya kai mako 12 ba a ga komai ba, ya warke, kuma waɗanda tsohuwar cutar take dawo musu bayan haka ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

Kalmar warkewa tana yi wa mutanenmu wuyar haɗiya a nan, kuma na fahimci dalili. Yawancinmu a asibitin masu ƙanjamau muka fara jin zancen bairal lod, inda ake cewa ba a ga cuta a jini ba amma a ci gaba da shan magani har abada. Haka ma masu ciwon hanta nau'in B, wanda ya fi yawa a cikinmu. Bambancin yana cikin halin ƙwayoyin ne. Ta ƙanjamau tana saƙa kanta cikin gadon ƙwayoyin jikin mutum ta kwanta. Ta nau'in B tana ajiye kwafinta a can cikin ƙuryar ƙwayar hanta. Ta nau'in C ba ta da irin wannan maɓoya, a tsakar gida take aikinta, kuma dole ta yi ta haihuwa ba tsayawa in tana son ta rayu. Ka hana ta haihuwa na isasshen lokaci, ta ƙare.

Ra'ayina a nan ba mai laushi ba ne. Gwajin nan yana da tsada ga talaka, a wurare da yawa ma sai an aika jinin wani gari. Idan kuɗin mutum na gwaji biyu ne kawai, to na farko da na ƙarshe. Na tsakiya, in ba likita ya ga dalili ba, sayen kwanciyar hankali ne na 'yan kwanaki. An ma gwada wannan a aikace: wani bincike mai suna MINMON, wanda ya haɗa da Uganda da Afirka ta Kudu, ya ba mutane kusan ɗari huɗu maganinsu gaba ɗaya a hannu, ba ziyarar asibiti ba gwaji a tsakiya, kuma kashi 95 cikin 100 suka warke. Amma abin da ke faruwa a wajenmu akasin haka ne. Ana kashe kuɗi a mako na huɗu saboda ɗoki, idan lokacin na ƙarshe ya zo jiki ya yi daɗi, aljihu ya bushe, sai a ce ai an warke. Mutum ya zauna bai sani ba ko yana cikin 95 ɗin ne ko cikin biyar ɗin.

Wanda ya faɗa cikin biyar ɗin bai rasa hanya ba. Akwai haɗin magani uku, sofosbuvir da velpatasvir da voxilaprevir, wanda aka yi domin waɗanda na farko bai yi musu ba. Kafin nan sai an binciki dalili. Ƙandararriyar hanta tana rage damar warkewa, haka jinsi na uku, haka wasu ƙananan jinsuna da aka fi samu a Afirka waɗanda ba su cika cikin gwaje-gwajen da kamfanoni suka yi a Turai da Amurka ba. Sai kuma magungunan da ke karo da juna, waɗanda mutum ba zai kawo a ransa ba. Rifampicin na tarin fuka yana kore maganin daga jini. Haka carbamazepine da phenytoin na farfaɗiya. Omeprazole da ake saye a kemis kamar gyaɗa saboda olsa yana hana velpatasvir da ledipasvir shiga jiki yadda ya kamata. Mai shan efavirenz na ƙanjamau sai an ƙara masa ƙarfin daclatasvir. Amiodarone na zuciya kuwa haɗa shi da sofosbuvir yana iya rage bugun zuciya har ya kai ga haɗari. Mafi sauƙi shi ne ranar farko mutum ya zuba duk abin da yake sha a leda, har da na gargajiya, ya ajiye a gaban likita. Azumi ba ya hana magani, tunda sau ɗaya ne a rana, sai dai a tsayar da lokaci guda, sahur ko buɗa-baki, a riƙe shi.

Akwai gwaji ɗaya da bai kamata a tsallake ba kafin a fara magani, wato na ciwon hanta nau'in B, kuma ya fi shafarmu fiye da Turawan da suka rubuta littattafan. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na manya suna ɗauke da nau'in B, nau'in C kuwa kashi 1.1. Idan cututtukan biyu suka haɗu a hanta ɗaya, C takan danne B. Ka kawar da C, sai B ta miƙe, wani lokaci da ƙarfin da zai iya kayar da hanta. Tun 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta sa a rubuta wannan gargaɗi a jikin kwalin magungunan. Don haka wanda idonsa ya yi rawaya ko fitsarinsa ya yi duhu yana tsakiyar magani kada ya tsaya kallon takardar da ta ce ba a ga C ba, ya koma asibiti a ranar.

Bayan warkewa sawun kura yana nan, sau da yawa har ƙarshen rai. Tsinken gaggawa zai ci gaba da nuna layi biyu. A Kano, inda dokar 2024 ta wajabta gwaji kafin aure har da na ciwon hanta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba wuya a fasa aure a kan layi biyun da ba su nufin komai sai tarihi, idan wanda ya yi gwajin bai sani ba ko bai yi bayani ba. Haka jariri da mahaifiyarsa ke da cutar: yana iya nuna sawun uwarsa har wata 18 alhali shi bai kamu ba, domin kusan biyar ko shida ne cikin ɗari suke ɗauka daga uwa. A duk waɗannan wurare gwajin RNA ne ke raba gardama. Sawun kuma ba kariya ba ne. Babu allurar rigakafin nau'in C, kuma wanda ya warke yana iya sake kamuwa ta hanyar da ya kamu da farko: sirinjin da aka sake amfani da shi a kemis, jinin da ba a tantance ba, askar wanzami, ƙaho, rezar mai yankan farce. Wanda kuma hantarsa ta riga ta ƙandare kafin magani, an kashe wutar amma tabon yana nan, zai ci gaba da hoton ciki duk wata shida saboda kansar hanta.

Kawu ya cinye kwalabensa uku. Na rubuta masa ranar gwajin ƙarshe a bangon kalandar zaure, ƙarƙashin lokutan salla, duk da haka sai da na je da kaina na ɗauke shi a babur, domin ranar ta faɗo ranar kasuwa. Bayan kwana tara sakamako ya zo. Ya sa tabarau, ya juya takardar gaba da baya.

"Ina adadin?"

"Babu adadi, Kawu. Waɗannan haruffa ukun su ne sakamakon. Ba su ga komai ba."

Ya yi shiru, ya yi hamdala sau uku, sannan ya dube ni ta saman tabarau. "Kuma kuɗin ɗaya suka karɓa da na wancan mai miliyan biyu?"

Ya sa aka kai takardar shagon kwamfuta aka lulluɓe ta da leda mai tauri, ya saka ta cikin jakar da yake ajiye takardun gida da na gona. Ranar Juma'a da wanzaminsa ya zo, sai na ga Kawu ya shiga ɗaki ya fito da sabuwar aska a naɗe cikin hankici, ya miƙa masa, ya zauna a kan tabarma ya cire hula.